Haɗin Murya da Tsufan Mawaƙi: Darasi daga Faifan Ƙarshen Rayuwa



Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau ya shafi waƙa, amma ba waƙar ƙuruciya ba, wadda kowa ke rububin saurare sa'ad da mawaƙi yake tashe. Zan yi magana ne a kan waƙar da ake ɗauka bayan furfura ta fito, musamman ta mawaƙan da fasaharsu ta dogara a kan haɗa murya da wani, watau waɗanda ɗayansu ba ya cika sai da ɗan'uwansa. Tambayoyin da nake so mu duba guda uku ne. Ta farko, me tsufa yake yi wa muryoyin da suka saba tafiya tare? Ta biyu, me ya sa Turawa suke da al'adar shiga ɗakin ɗaukar murya su bar faifai na musamman a ƙarshen rayuwa, alhali manyan mawaƙanmu sun wuce ba su bar irinsa ba? Ta uku, wane nauyi ne wannan ya ɗora wa jami'a da hukuma?

Domin amsa waɗannan tambayoyi zan kawo misalin 'yan'uwa biyu daga ƙasar Amurka, watau Don da Phil Everly, sa'an nan in kwatanta su da 'yan'uwa biyu daga ƙasar Zamfara, Abdu Kurna da ƙanensa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. A tsakani zan taɓo wasu mawaƙan da kowa ya sani.

Hanyoyi Biyu na Haɗa Murya

Kafin mu shiga tarihi, wajibi ne mu bambanta abubuwa biyu waɗanda sau da yawa akan gauraya su. A waƙar Turawa akwai salon da mutum biyu za su furta kalmomi ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa a kan nasa matakin murya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da 'yar tazara kaɗan a tsakaninsu. In na ƙasa ya hau, na sama ya hau daidai gwargwado. In ya sauka, shi ma ya sauka. Idan an yi shi da kyau, mai sauraro yakan kasa tantance wane ne ke riƙe da ainihin karin waƙar, sai ya ji kamar murya ɗaya ce mai kauri. Wannan salo yana bukatar numfashi ya zo ɗaya, lafazin wasula ya zo ɗaya, har da inda ake yanke kalma. Shi ya sa 'yan gida ɗaya suka fi kowa iya shi, domin harshensu ɗaya ne tun daga goyo.

A waƙar baka ta Hausa kuwa, tsarin da ya fi yawa shi ne na jagora da 'yan amshi. Jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa, kuma galibi su 'yan amshin a kan mataki ɗaya suke rerawa gaba ɗayansu. Gwanintar tana cikin lokacin shiga da lokacin fita. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun fito da sunayen waɗannan dabaru. Akwai amshi zalla, inda ake maimaita gindin waƙa. Akwai ƙari, inda 'yan amshi suke ɗora wasu kalmomi a kan abin da jagora ya faɗa kafin su koma gindi. Akwai tarbe, inda suke tarye shi tun bai ƙarasa ba. Akwai rakiya, inda suke bin sa tare har ƙarshen magana. Akwai kuma karɓeɓeniya, inda magana take yawo daga wannan baki zuwa wancan.

Tun da a Ƙofar Mazugal muke, misalin da ya fi kusa da mu yana cikin sunan wurin. Wannan ƙofa tana cikin waɗanda Tarihin Kano ya ambata a ganuwar farko da aka soma ginawa zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, kuma masu tarihi da dama suna danganta sunanta da zuga wuta da maƙera suke yi a yankin Dala. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san zugazugi fata biyu ne, ana danna wannan ana ɗaga wancan, iskarsu tana fita ta bututu ɗaya. Da za a danna su a tare, da iska ta yanke tsakanin bugu da bugu. Haka jagora da amshi suke: sa'ad da jagora yake numfasawa yana tunanin ɗan da zai kawo, 'yan amshi suna riƙe masa wutar. Salon Turawa na matsa fatun biyu lokaci guda ne, namu kuwa na musaya ne. Wannan bambanci, kamar yadda za mu gani, shi ne yake yanke hukuncin yadda kowane salo yake jure tsufa.

'Yan'uwan Everly da Faifan 1984

An haifi Don Everly a 1937 a jihar Kentucky, aka haifi Phil a 1939 a birnin Chicago. Mahaifinsu, Ike Everly, makaɗin jita ne, kuma tun suna yara suke waƙa tare da iyayensu a wani shirin rediyo a garin Shenandoah na jihar Iowa. A 1957 suka yi suna a duniya ƙarƙashin kamfanin Cadence, a 1960 kuma suka koma kamfanin Warner Brothers. Don ne yake riƙe muryar ƙasa, Phil yana bin sa ta sama. Mawaƙan da suka biyo bayansu, irin su Beatles na Ingila da Simon da Garfunkel na Amurka, ba su ɓoye cewa daga wajensu suka koyi haɗa murya ba.

To, amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Bayan tashensu ya ragu a tsakiyar shekarun 1960, zama ya yi tsami a tsakaninsu. Ranar 14 ga Yuli 1973, suna cikin wasa a wani wurin shaƙatawa a jihar Kalifoniya, Phil ya doka jitarsa da ƙasa ya sauka daga dandamali, ya bar wansa ya ƙarasa shi kaɗai. Shekara goma suka yi ba su yi waƙa tare ba. A cikin waɗannan shekaru kowannensu ya fitar da faifai nasa na kansa, amma babu wanda ya sami ko kusa da karɓuwar da suka samu tare. Jama'a ba muryar Don ko ta Phil suke nema ba, abin da yake tashi in an haɗa su biyun suke nema.

Ranar 23 ga Satumba 1983 suka sake hawa dandamali ɗaya a zauren Royal Albert Hall da ke Landan. A shekarar da ta biyo baya suka shiga ɗakin ɗaukar murya suka yi faifan da suka sa wa suna EB 84, wanda kamfanin Mercury ya fitar. Don yana da shekara 47 a lokacin, Phil yana da 45. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka taru suka tallafa wa aikin. Wanda ya tsara ɗaukar, Dave Edmunds, mawaƙi ne ɗan yankin Wales da ya tashi yana sauraronsu. Paul McCartney na Beatles shi ya rubuta musu waƙar da aka sa a gaba. Watau almajirai ne suka dawo suka riƙe wa malamansu fitila. Faifan ya sami karɓuwa daidai gwargwado, ko da yake bai mayar da su matsayinsu na 1960 ba. Suka ƙara biyu a bayansa, Born Yesterday a 1986 da Some Hearts a 1988, wanda shi ne na ƙarshe. Phil ya rasu a Janairun 2014 sanadiyyar ciwon huhu, Don ya bi shi a Agustan 2021.

Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, an yi wannan aiki da niyya. An zauna an zaɓi waƙoƙin da suka dace da muryar mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, an rubuta sunan kowane makaɗi a jikin faifan, an rubuta shekara da wurin ɗauka. Ɗalibin da yake son ya san yadda muryar Phil ta sauya tsakanin 1957 da 1988 yana da abin aunawa a hannunsa. Amma kuma salon nasu yana da rauni guda, watau ba ya karɓar magaji. Ranar da Phil ya rasu, wannan haɗin murya ya ƙare ke nan.

Kurna da Ɗanƙwairo

Mu dawo gida. An haifi Musa Ɗanƙwairo wajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin gidan kiɗa. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma a ƙarƙashinsa shi da wansa Abdu Kurna suka koyi sana'a. Marubuta tarihinsa sun kawo cewa laƙabin da ya bi shi ya samo asali ne daga wani mai suna Ƙwairo da ke cikin ƙungiyar mahaifinsu, wanda aka ga muryar yaron ta yi kama da tasa wajen zaƙi. Ku lura da wannan: tun daga sunansa, an san shi ne ta hanyar kwatanta muryarsa da ta wani.

Bayan mahaifinsu, Kurna ne ya zama jagora a fadar Maradun, Ɗanƙwairo yana bayansa yana yi masa amshi, yana kuma matsayin mataimakinsa. Shekaru masu yawa suka yi a haka. Saboda haka sa'ad da Ɗanƙwairo ya zama jagora, ya riga ya san aikin amshi ciki da bai, kuma wannan ne ya sa ƙungiyarsa ta yi fice wajen ƙari da tarbe da karɓeɓeniya. Wanda duk ya saurari waƙoƙinsa na kotso zai ji yadda yakan jefa kalma biyu ko uku kurum, 'yan amshi su ɗauke ta su gina dogon zance a kanta, su sauke a gindin waƙa ba tare da kuskuren bugu ɗaya ba. Wannan ba ya samuwa sai an zauna an tsara waƙar tare, an maimaita ta har ta zauna a ka.

Rabuwar waɗannan 'yan'uwa ta sha bamban da ta 'yan Everly. Kamar yadda aka ruwaito, a farkon shekarun 1960 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya nemi makaɗi daga Maradun, kuma da yake Kurna ya manyanta, sai aka tura ƙanensa. Daga nan sunan Ɗanƙwairo ya game Arewa ta hanyar rediyo. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, ya ci gaba da yi wa sarakuna da manyan mutane waƙa har ya tsufa, ya rasu a 1991. A shekarunsa na ƙarshe 'ya'yansa suna cikin masu yi masa amshi, kamar yadda shi ma ya yi wa wansa.

A nan ne ƙarfin tsarinmu yake. Muryar jagora tana tsufa, amma muryar amshi ana sabunta ta. In numfashin dattijo ya gajarta, sai ya rage tsawon abin da yake furtawa, samarin da ke bayansa su ɗauki sauran nauyin, kuma mai sauraro ba zai ji an yi giɓi ba. Abin da ya gagari Don da Phil, watau samun wanda zai tsaya a gurbin ɗayansu, shi ne abin da gidan kiɗa na Hausa yake yi a kowane zamani ba tare da wani biki ba.

Sai dai akwai abin takaici. Sunan Kurna bai yi yawo kamar na ƙanensa ba, domin ƙarfinsa ya zo ne kafin na'urar ɗaukar murya ta wadata a ƙasar nan. Haka abin yake ga Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960: abin da ya rage mana na muryarsa ɗan kaɗan ne in an kwatanta da tsawon shekarun da ya yi yana waƙa.

Abin da Tsufa Yake Ɗauka da Abin da Yake Bayarwa

Likitoci sun bayyana abin da yake faruwa da murya in shekaru sun ja. Tantanin da yake kaɗawa a maƙogwaro yana yin siriri, guringuntsin maƙogwaro yana ƙara tauri, huhu kuma ba ya riƙe iska kamar da. Sakamakon haka shi ne hawa can sama yana wuya, jan murya mai tsawo yana wuya, wani lokaci kuma a ji rawa ko dusashewa a cikinta. Ga mai salon 'yan Everly wannan babbar matsala ce, domin in muryar sama ta kasa kai inda take kaiwa, tilas a sauke waƙar baki ɗaya. Ga mawaƙin da ba shi da 'yan amshi, irin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rayu daga shi sai kuntiginsa har ya rasu a 2015, duk nauyin yana kan maƙogwaro ɗaya.

Amma tsufa ba ɗauka kaɗai yake yi ba. Mawaƙin fada da ya kai shekara saba'in ya ga sarauta ta sauya hannu sau da yawa, ya san nasabar gidaje, ya san kirarin garuruwa, ya riƙe tsofaffin kalmomin da matasa ba su taɓa ji ba. Habaicinsa ya nuna, ya san inda zai yi shiru ya bar kiɗa ya yi magana. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a nan Kano a Yunin 1999 aka kai shi Daura aka binne, ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa. Wanda ya saurari Shata na ƙuruciya da Shata na dattijantaka ya san akwai abin da ya ragu a ƙarfin murya, akwai kuma abin da ya ƙaru a nauyin magana. Ɗalibin harshe da na tarihi, na biyun ya fi yi musu amfani.

Me Ya Hana Mu Irin Wannan Faifai?

Dalili na farko yana cikin hanyar cin abinci. Mawaƙin Amurka kamfani ne yake biyansa, kamfani kuma daga cinikin faifai yake ci, don haka kowa yana da riba in an yi faifai mai kyau an adana shi. Mawaƙin Hausa na gargajiya kuwa daga hannun ubangida yake ci, ko sarki ko attajiri ko mai biki. Doki da riga da kujerar Makka a fili ake bayar da su, gaban jama'a. Ɗaukar murya a wajensa talla ce kurum, wadda za ta sa a ƙara gayyatarsa.

Dalili na biyu yana cikin na'urar kanta. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku ko 'yan kai a kowane gefe, alhali waƙar fada ko ta Shata tana iya cin minti ashirin ko fiye. Dogon faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar kimanin minti ashirin a gefe, kuma kamfanoni irin su EMI sun buga wasu mawaƙan Hausa a kansa. Amma kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, shi ne ya mamaye kasuwa, domin yana da araha kuma kowa yana iya kwafarsa. Daga gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da sauran gidajen rediyon jihohi, da wuraren biki, waƙoƙi suka riƙa zuba cikin kaset, ana kwafa daga wannan zuwa wancan, ana sayarwa a kasuwanni irin ta Ƙofar Wambai da ke maƙwabtaka da mu. Daga baya suka koma cikin wayoyin hannu da intanet. Waƙa ta yaɗu ƙwarai, amma ta yaɗu tsirara: babu shekara, babu wurin ɗauka, babu sunan ɗan amshi ko makaɗi ko ɗaya.

Kada a ɗauka matsalar ta tsaya ga Arewa. 'Yan tagwayen nan na Ibadan, Taiwo da Kehinde Lijadu, waɗanda su ne suka fi kusa da salon 'yan Everly a Nijeriya, sun fitar da faifai huɗu a jere ƙarƙashin tambarin Afrodisia na kamfanin Decca daga 1976 zuwa 1979. Bayan sun koma Amurka da zama, duniya ta sake gano su ta hanyar sake buga tsofaffin faifansu, amma Kehinde ta rasu a 2019 ba tare da an sami sabon cikakken faifai irin waɗancan na muryoyinsu a tsufa ba.

Wata Suka da Amsarta

Na san akwai mai cewa, ina amfanin ɗaukar muryar da ta dusashe? Ai mutunta mawaƙi shi ne a bar jama'a da abin da suka sani na ƙarfinsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin an sha ganin inda ake jawo dattijo gaban na'ura don neman kuɗi, a fitar da abin da zai zubar masa da girma. Amma maganin wannan shi ne a kyautata ɗaukar, kamar yadda aka yi a 1984: a bar mawaƙi ya zaɓi abin da muryarsa za ta iya, a ba shi lokaci, a ba shi haƙƙinsa, kuma kada a fitar da kome sai da yardarsa.

Akwai kuma mai cewa waƙar fada roƙo ce da fadanci, bai kamata a kashe dukiyar jama'a a kanta ba. Ga wannan sai mu ce, ra'ayin mutum game da sarauta daban, darajar waƙar a matsayin shaida daban. Wanda yake son rubuta tarihin siyasar Arewa ta shekarun 1950 da 1960, ko yana bayan NPC ko yana bayan NEPU, ba zai iya tsallake abin da mawaƙa suka rera ba. Masana sun daɗe da gane haka. David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975. Idan jami'o'in ƙetare sun ga abin ya isa nazari, to mu da muke da shi a ƙofar gida ba mu da hanzari.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga ɗalibai, ina ba da shawara cewa duk wanda zai rubuta kundi a kan wani mawaƙi, kada ya tsaya ga jagora. Ya nemi 'yan amshi da makaɗa, ya rubuta sunayensu da dangantakarsu da jagora da shekarun da suka yi tare da shi. Sau da yawa ɗan amshi ya fi jagora riƙe matanin waƙa, domin shi ne yake maimaita ta. Haka kuma a yi ƙoƙarin gano shekarar kowace waƙa ta hanyar abin da ta ambata, kamar naɗin sarauta ko zaɓe ko buɗe wata ma'aikata, tun masu iya tabbatarwa suna raye.

Ga ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin da hukumomin al'adu, ku sani zaren kaset da na babban faifan rediyo ba ya dawwama. Zafi da laima da ƙura suna cin sa, maganin da aka shafa a jikinsa yana saki, har ya kai in an sa shi a na'ura sai ya manne ko ya tsinke. Na'urorin da suke karanta shi ma an daina ƙera mafi yawansu. Wajibi ne a mayar da abin da ke cikin ɗakunan ajiya zuwa kwamfuta, a yi kwafi fiye da ɗaya, a ajiye a wurare daban-daban, alal misali a cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano. Tare da kowace waƙa a kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kwalinta, kome ƙanƙantarsa.

Ga hukuma da masu hali, akwai dattawan mawaƙa da makaɗa da suke raye yau a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Zariya da Maraɗi, maza da mata. Birnin nan cike yake da ɗakunan ɗaukar murya saboda sana'ar fim. Kuɗin da za a kashe a kai ƙungiya guda ɗaki mai kyau na mako ɗaya, a ɗauke ta da kayan kiɗanta na ainihi, kowace murya da makirufonta, bai kai na walimar rana ɗaya ba. A kuma rubuta yarjejeniya bisa dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, yadda mawaƙi da 'yan amshinsa da magadansu za su ci moriyar abin da aka sayar.

Ga mawaƙan zamani, waɗanda na'ura take yi wa kiɗa, kuma take iya ninka muryar mutum ɗaya ta zama amshin kansa, ina tunatar da ku abin da McCartney da Edmunds suka yi wa magabatansu. Wanda ya ci moriyar karin Shata ko salon Ɗanƙwairo a waƙarsa, akwai bashi a kansa, kuma hanyar biya ita ce ya sa sunansa da kayan aikinsa wajen ɗaukar waɗanda suka rage.

Kammalawa

Jama'a masu sauraro, mun ga cewa Turawa suna da salon haɗa murya wanda ba ya karɓar magaji, amma sun iya adana shi da suna da shekara. Mu kuwa muna da salon da yake sabunta kansa daga wa zuwa ƙane, daga uba zuwa ɗa, amma mun bar shi yana yawo ba rajista. A da, wannan sakaci bai yi illa sosai ba, domin gidan kiɗa shi ne ɗakin ajiya, yaro yana tashi ya tarar da waƙa a bakin ubansa. Yau 'ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma ba laifinsu ba ne. Saboda haka aikin da gado yake yi a da ya dawo wuyan jami'a da hukuma, kuma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu dace.